Riga Goma Sha Tara a Florida

Geneva ƙawata, ajiye kofin nan ki saurara. Allah ya yafe mini, ban saba yawo da zancen mutane ba, amma wannan in na riƙe shi cikina zai kumbura.

Wani mutum ne a nan Toledo. Ba zan faɗi sunansa ba. Ko surukarsa ma ba ta taɓa faɗa ba. Shekara ashirin da biyu yana auren 'yarta Rhonda, amma har yau in za ta kira shi sai ta ce, "Kai, mijin Rhonda." In ta tashi da fara'a ke nan. In ba ta tashi da ita ba, "wancan."

Ita surukar, Mama Verna, ta kusa cika tamanin. Ran wata Lahadi an taso daga coci, an zauna ana cin soyayyar kaza da makaroni, sai ta ajiye cokali.

"Abu ɗaya nake so kafin Ubangiji ya kira ni," in ji ta. "A kai ni filin wasan nan na Florida mai lilo da shagali, ni da 'ya'yana da jikokina. A yi mana hoto ɗaya a gindin hasumiyar agogo, kowa da kowa a ciki. In rataye shi a falo. Ran da na mutu a ɗora shi kan akwatina."

Kowa ya sunkuya yana nazarin ƙashin kazarsa. Mutum goma sha tara ne, kuma kowa ya san halin kowa.

Sai gogan naki ya miƙe, har da buga ƙirji.

"Mama, ki bar mini wannan."

Curtis, ƙanen Rhonda, ya ƙware da ruwa. "Kai? Kai da ka ja mana gaba bara ka kai mu jana'izar da ba tamu ba?"

"Kuskuren hanya ne."

"Har muka yi kuka."

"Na ce kuskure ne."

"Har ka yi jawabi, Shugaba. Ka ce mamacin ya riƙe ka kamar ɗa."

Mama Verna ta dube shi ta saman tabarau. "Mijin Rhonda, ka nemi ejan tafiye-tafiye."

"Ejan na me, Mama? Yanzu komai a waya yake. Ejan ai na waɗanda kansu ba ya ja ne."

"To shi ya sa na ce ka nema."

Mako uku ya yi a teburin kicin, shi da kwamfuta. Shafin sayen tikiti ba ya karɓar mutum fiye da goma a lokaci guda, sai ya rarraba iyalin kashi-kashi. Ya danna nan, ya goge can, ya koma baya, ya zagi allo. Da ya gama ya buga takarda, ya miƙa wa Rhonda yana hura hanci.

Ta karanta a tsaye. Da ta kai tsakiya ta nemi kujera.

"Maigida, Mama za ta sauka ran Talata, mu kuma ran Alhamis. Wa zai tare ta?"

"Ai babba ce."

"Tagwayen Curtis, 'yan shekara huɗu, su kaɗai a otal, mil arba'in daga iyayensu?"

"Otal ɗin yana da wurin wanka."

"Kai kuma ina sunanka?"

Ya karɓi takardar. Ya duba sama, ya duba ƙasa, ya juya bayanta. Ya mance bai sa kansa ba.

"To," in ji Rhonda, "nan kaɗai ka yi daidai."

Sai ya shiga neman ejan a ɓoye, don kada Curtis ya ji. Ya fara da mai askinsa, tunda a wurinsa duk wani ilimi na duniya can yake. Mai aski ya ce yana da aboki, duk Ohio ba kamarsa a harkar tafiya. Gogan ya tuƙa mota har bayan gari. Ya tarar da wani ƙato mai gemu a rumfa, kawunan barewa jere a bango. Ashe mutumin masu farauta yake kai wa daji.

"Ku nawa ne?"

"Goma sha tara."

"Nawa suka iya harbi?"

"Ba harbi za mu ba. Akwai tsohuwa mai shekara tamanin."

"Ba komai. Sai mu ɗora ta kan bishiya, ai zama kawai ake yi."

Gaskiya ya ɗan tsaya ya yi tunani a kan wannan. Amma ya tuna Rhonda, ya koma mota.

Ya samo wata lamba a intanet. Aka ce ya dakata, aka sa masa kiɗa. Minti hamsin yana dakatawa, har ya haddace kiɗan, yana bi da fito. Da aka ɗauka, aka ce masa ba wannan sashen ba ne, aka mayar masa da kiɗansa.

Washegari da safe ya ɗaga burodinsa, sai ga kati a ƙarƙashi. Madam Pruitt, ejan tafiye-tafiyen iyali. Rhonda tana wanke-wanke, ko waiwayowa ba ta yi ba.

Ofishin Madam Pruitt ɗan ɗaki ne tsakanin shagon wanki da na mai gyaran takalma. Ita kanta 'yar tsamurmura ce, da fensir a bayan kunne. Ya shiga yana ciccijewa.

"Madam, ni fa na riga na gama komai. Ɗan dubawa kawai za ki yi."

Ta karɓi takardar. Ta karanta har ƙarshe. Ta ninke ta biyu, ta sa a ƙarƙashin ƙafar tebur, inda yake rawa.

"Ta yi amfani," in ji ta. "Zauna. Ku nawa ne?"

"Goma sha tara."

"Har da kai?"

"Har da ni."

"Madalla. Yara nawa, kuma kowanne inci nawa ne tsawonsa?"

"Tsawonsu? Ɗinki za ki yi musu?"

"Kowane lilo da sandar awo a ƙofarsa. Yaron da bai kai ba, ba zai hau ba. Ka taɓa tsayawa awa biyu a layi da yaro, ku isa gaba a ce ya rage masa inci ɗaya?"

"A'a."

"Ni na taɓa ganin uban da ya yi. Har yau ba ya ji da kunnen hagu. Wa da wa ba sa ga-maciji a gidan?"

"Mu ai kanmu a haɗe yake."

Ta ciro fensir daga bayan kunne ta zuba masa ido. Bai yi minti ɗaya ba ya fara jero suna. Sai da ta juya shafi.

Ta tambaye shi wa ke minshari a cikinsu. Ta tambayi wanda ba ya cin gyaɗa. Ta tambayi wanda in ya shiga banɗaki sai an aika a duba ko yana da rai. Cikin kwana huɗu ta haɗa jirgi ɗaya, otal ɗaya, ɗakuna a jere, da keken turawa na haya don Mama Verna. Ta sa komai a fayil mai launi-launi, har da lokacin da za a shafa wa yara man rana.

"Ga abin da ya fi komai," in ji ta, ta ɗora yatsa a kan layi ɗaya. "Mai hoto. Laraba, ƙarfe huɗu da minti goma, gindin hasumiyar agogo. Minti goma aka ba ku. Kun wuce, wasu ne a bayanku."

Gogan ya juya fayil ɗin. Ya rasa inda zai sa hannu ya ce nan aikinsa ne. Da wane ido zai kalli Curtis?

"Saura anko," in ji Madam Pruitt. Kin dai san ba iyalin da ke shiga wurin nan ba riga iri ɗaya, don kada a ɓace wa juna. "Zan sa a buga muku. Launin da ba kowa ke sawa ba, sunan kowa a bayansa, lambar waya a ƙasa."

"A'a! Wannan nawa ne."

"Yallaɓai..."

"Madam, ko abu ɗaya ne a bar mini. Na ga wasu a babban kanti, rawaya, masu kyau, an ma riga an rubuta HUTUN IYALI a gaba. Ɗauka kawai za a yi."

"Waɗannan? Rabin Ohio su suke saya. Rabin Indiana ma."

"Alamar suna da kyau ke nan."

Ta dube shi, ta dubi silin, kamar mai neman taimako daga sama. Ta yi ɗan rubutu a littafinta.

"To ka riƙe mini abu ɗaya. In kun shiga, fuska za ka riƙa ƙirgawa. Kada ka ƙirga riga."

"Madam, shekara ashirin da biyu ina kallon fuskokin nan. Ko a mafarki ba sa barina."

Aka tafi Florida. Jirgi lafiya, otal lafiya, ko jaka ɗaya ba ta ɓata ba. Gogan yana gaba da fayil a hammata, duk wanda ya yaba sai ya ce, "Ai tsari ne. Abin a jini yake."

Ran Laraba suka shiga filin da rigunansu rawaya. Suna wuce ƙofa ya ja ya tsaya. Gabas rawaya, yamma rawaya. Kamar an zazzage buhun masara a tsakar gida. Kowane ƙirji HUTUN IYALI.

Curtis ya dafa shi. "Shugaba, ban san danginmu sun kai haka ba. Duk kai ka biya musu jirgi?"

Kafin azahar ya tsawata wa yaran mutane sau uku. Ya saya wa wani saurayi lemo, yana ce masa ya gaishe da uwarsa. Sau ɗaya ya ƙirga iyalinsa ya samu ashirin da shida, ya ce alhamdu lillahi, gara ƙari da ragi.

Mama Verna kuwa shi ya ce shi zai tura ta, kada kowa ya taɓa keken. A ƙofa ya saya mata malafa mai faɗi, irin wadda ake sayar wa kowace tsohuwa, da baƙin tabarau. Keken haya ne, shuɗi, irin na kowa.

Wajen ƙarfe uku rana ta buɗe sosai. Rhonda ta ce za ta tattara jama'a ta yi gaba da su hasumiya, shi ya taho da Mama a hankali. Ya ce an gama. Suna cikin tafiya sai ya hangi jirgin nan mai hawa sama ya kifo da mutane, ana ta ihu a ciki. Tun safe yake satar kallonsa. Ya dubi agogo. Ya dubi Mama Verna, ta fara gyangyaɗi.

Akwai wata inuwa kusa da mai askirim inda ake jera kekunan jarirai da na tsofaffi. Ya tura ta can, ya taka birki.

"Mama, minti goma."

"Mijin Rhonda, in ka mutu a can kada a ce ni na aike ka."

Layin ya ci kusan awa. Jirgin ya ɗaga shi, ya juya shi, ya girgiza shi kamar ana wankin bargo. Ya sauko ƙasa tana juyawa, kunnuwansa suna ƙara. Ya dubi agogo. Huɗu da minti shida!

Ya zuba da gudu. Ga inuwa, ga shuɗin keke, ga malafa, ga rawayar riga. Ya saki birki ya fizga. Yana tafe yana ihu, "Hanya! Hanya! Tsohuwa ce!" Mutane suna tsalle gefe. Ga masu ganga da kakaki suna wucewa, ko kanka ba ka ji.

Ya iso huɗu da minti goma sha huɗu. Mai hoto ya riga ya jera mutum goma sha bakwai a kan matakala, rana tana dukan idonsu, an bar gurbi a gaba. Gogan ya cusa keken a gurbin, ya tsaya a baya yana haki.

"Yallaɓai, ɗan ɗaga mata malafar," in ji mai hoto.

Ya miƙa hannu ta baya ya ɗaga.

"Yawwa! Kaka, murmushinki ya fi na kowa!"

Rhonda daga matakala ta uku ta ce, "Mama ce take murmushi?"

"Florida ke nan," in ji Curtis.

Sai tsohuwar ta ɗago hannu, ta shafa hannun gogan da ke kafaɗarta. Cikin ƙarar ganguna ya ji ta ce, "Allah ya yi maka albarka, ɗana."

Ɗana! Geneva, shekara ashirin da biyu. Ya durƙusa a bayan keken, ya rungume ta ta wuya, ya manna kumatunsa a malafar, hawaye shar-shar, baki har kunne.

Ƙyas! Ƙyas! Ƙyas!

"An gama," in ji mai hoto. "Na daɗe ban ɗauki mai taɓa zuciya irin wannan ba. Na gaba!"

Rhonda ta sauko da hankici za ta share wa uwarta gumi. Ta zagayo gaban keken. Ihun da ta yi sai da masu ganga suka rikice.

"Wace ce wannan?"

Tsohuwar ta cire tabarau, ta dube su ɗaya bayan ɗaya da fara'a. "Sunana Opal. Daga Indiana. Ku fa?"

Gogan ya leƙo. Ya koma baya. Ya sake leƙowa, ko za ta canza.

"Baiwar Allah, me ya hana ki magana?"

"In ce me? Tun safe nawa suka ajiye ni a inuwa kamar jaka. Sai na ji an fizge ni ana gudu, iska tana kaɗa ni, mutane suna ba ni hanya. Rabon da in ji daɗi haka tun mijina yana da babur. Na ce bari in ga ƙarshen abin."

Curtis ya zauna a matakala yana riƙe ciki. "Shugaba, ana samun ci gaba. Bara gawar mutane, bana mai rai ka ɗauko."

Gogan ya roƙi mai hoto ya ƙara musu minti biyar. Mai hoto ya nuna masa layi, iyali takwas, biyar a cikinsu rawaya. Ya ce duk makon nan ba gurbi ko na tsayuwar kaza.

Suka ruga inuwar mai askirim. Ba Mama Verna, ba keke. Rhonda ta daina magana gaba ɗaya, kuma duk wanda ya san Rhonda ya san gara ihunta. Gogan ya riƙa bin tsofaffi yana ɗaga malafa, har wata ta maka masa jaka. Da ya ga ba sarki sai Allah, ya raɓe bayan wata bishiya ya kira Toledo.

Bugu ɗaya Madam Pruitt ta ɗauka.

"Fuska ka ƙirga ko riga?"

"Madam, wata 'yar matsala ce ta..."

"Tana gidan abincin da ke bayan tafki, tebur na goma sha biyu. Ta kira ni tun ɗazu. Tun a Toledo ta aiko Rhonda ta karɓar mata katina, ta ce jikinta yana ba ta za ta buƙace shi."

"Wa ya kai ta can?"

"Surukin waccan tsohuwar. Shi ma lokacin abincinsu ya kusa wucewa, ya zo da gudu, ya ga rawaya ya tura."

Ashe kowane gida da nasa mijin Rhondan.

"Ta ce in gaya muku kada ku yi sauri, ba a kawo kayan zaƙi ba tukuna."

"Madam, hoton fa? Ya wuce. Kashina ya bushe."

"Juma'a, ƙarfe tara na safe. Na kama muku gurbi na biyu."

"Yaushe?"

"Ranar da ka ce kai za ka sayi riguna."

A ƙofar gidan abincin aka yi musaya. Ga Mama Verna da cinyar talo-talo a hannu, an ɗaura mata adiko a wuya, jikokin mutane sun kewaye ta. Surukan biyu suka tsaya suna kallon juna, riga iri ɗaya, gumi iri ɗaya, kamar mutum da madubinsa. Kowa ya karɓi tasa tsohuwar, ya leƙa ƙarƙashin malafa sau biyu kafin ya tura. Mama Opal tana ɗaga hannu tana cewa, "Ɗana, gobe ma ina nan inuwar!"

Ran Juma'a aka yi hoton. Mutum goma sha tara cif, Madam Pruitt ta sa Rhonda ta kira suna ɗaya-ɗaya. Mama Verna a tsakiya, fuska a ɗaure kamar kullum. Gogan a can ƙarshen layi, rabin kafaɗarsa ma ba ta fito ba.

Aka dawo Toledo. Bayan wata guda aka taru cin abincin Lahadi. Yana shiga falo ya daskare. Ga hoto a bango, ƙato, da firam mai ruwan zinariya, sama da talabijin inda ba mai shigowa ya kasa gani. Ba na Juma'a ba. Na Laraba. Ga Mama Opal tana washe baki, ga shi a durƙushe ya ƙanƙame ta yana kuka.

"Mama," ya ce, "don girman Allah. Ga mai kyau can da kike ciki. Me ya sa wannan?"

To Geneva, nan ne zan roƙe ki. Rhonda ce ta gaya mini a bayan coci, na kuma yi mata alkawari. Amsar nan kada ta wuce kunnenki, ko mijinki kada ya ji.

Mama Verna ta gyara tabarau, ta daɗe tana kallon hoton.

"Bar shi nan, mijin Rhonda. Shekara ashirin da biyu ina roƙon Ubangiji ya nuna mini ranar da za ka rungumi suruka da hawaye. Ya kuwa amsa. Laifina ne da ban faɗi wace suruka ba."